Ɗaukar hoto a wajen bikin kiɗa: abin da sabon shiga ya kamata ya sani kafin ya zuba jari

Da zarar damina ta ja baya, hatsi ya fara shiga rumbu, sai lokacin bukukuwa ya kama a ƙasarmu. Makiyaya su haɗu a Ingal wajen bikin Cure Salée, wanda aka saba yi a wajajen watan Satumba. Can cikin duwatsun Ayar akwai bikin Iferuwan da aka soma a 2001. Ga shagalin 18 ga Disamba na ranar Jamhuriya, ga kuma kokawar takobi wadda ba ta yin armashi sai da makaɗa. Manya daga cikinmu ba su manta da gasar mawaƙa ta Ɗan Gurmu ba, wadda aka fara a 1987, ta kuma fito da mawaƙan zamani da dama a Nijar.

Duk inda kalangu ko jita ta yi ƙara, ƴan kasuwa na nan. Mai tuwo na nan, mai kilishi na nan, mai atamfa da mai ruwan sanyi kowa ya kafa rumfarsa. A ƴan shekarun nan kuma an samu ƙarin wani mai neman abinci a cikin taron, wato yaron nan mai rataye da kyamara a wuya, ko yarinyar nan da ke ɗaga salula sama tana bin mawaƙi.

Uwaye da yawa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sun san wannan magana: "Inna, in kin ɗauki adashe ki ba ni jari in sayi kyamara, biki ya kusa." Uwa ta yi shiru, domin ta san wuyar da ta sha kafin kuɗin su taru, kuma ba ta san kan wannan haja ba. In ta hana, a ce ta tare wa yaro hanyar arziki. In ta bayar, tana tsoron ya dawo da hotuna baƙi ƙirin waɗanda ba mai saye. Wannan rubutu domin ita ne, da ɗan nata ko ɗiyar tata, da duk wani ɗan kasuwa da ke son ya ɗauki hoton biki ko na hajarsa da hannunsa.

Maganar a taƙaice ita ce, hoto haske ne. Wanda ya san haske zai ci abinci da tsohuwar kyamara. Wanda bai san shi ba, ko ta miliyan aka saya masa, asara zai kwaso.

Darasi daga na gaba

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Philippe Koudjina ya zo Yamai a 1959, ya yi shekaru yana bin gidajen rawa da wuraren kiɗa na babban birnin da dare yana ɗaukar matasan lokacin. Ya rasu a 2014, amma har yanzu da hotunansa ake sanin yadda Yamai take bayan samun mulkin kai. A Bamako kuma an yi Malick Sidibé, wanda kan kwana yana yawo daga wannan shagali zuwa wancan, ya koma ya wanke hotunan, ya manna ƙananansu a takarda, mutane su zo shagonsa kowa ya nuna wanda yake so. A 2007 an ba shi babbar kyautar baje kolin fasaha na birnin Venis a Italiya, ya rasu a 2016.

Waɗannan mutane da fim suka yi aiki, wanda naɗi ɗaya ke ba da hoto 12 ko 36, kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke. Salular da ke cikin jakar mai sayar da ƙosai a yau ta fi kayan aikinsu sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Abin da suka riƙe shi ne matsawa kusa da mutane, da jiran lokacin da ya dace kafin a danna, da kai wa mai hoto hotonsa tun zumuɗinsa bai huce ba. Waɗannan abubuwa uku ba a sayar da su a kanti.

A fara da abin da ke hannu

Shawara ta farko ga uwa ita ce kada ta fitar da ko dala tukuna. Yaro ya fara da salular da ke gida, ko Tecno ce, ko Infinix, ko Samsung. Ya je bikin aure ko wasan makaɗa a unguwa sau uku ko huɗu, ya kawo abin da ya ɗauka a gani. In fuskoki sun fito sarai, bai sare kan kowa ba, hoton bai karkace ba, to akwai alamar ido. In kuwa cikin hoto hamsin babu biyar na kirki, sabuwar kyamara ba za ta gyara wannan ba.

Kada lambar megafiksel da ake rubutawa a jikin kwali ta ruɗi kowa. Hoton da aka saba wankewa, mai santimita 10 da 15, megafiksel 2 kacal yake bukata ya fito tas. Mai girman takardar ofis kuwa wajen 9 ya ishe shi. Ke nan salula mai 12 ta wadatar. Abin da ke raba salula da babbar kyamara shi ne girman farantin da ke karɓar haske a ciki. Na salula bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, na kyamara kuwa ya ninka shi sau da yawa, shi ya sa da rana kusan kunnen doki suke yi, amma da dare kyamara ta yi gaba.

Akwai dabaru ƙanana da ke canza hoton salula nan take. A goge idonta da tsumma mai laushi kafin a ɗauka, domin maiƙon hannu, balle na mai suya, shi ne ke sa hoto ya yi hazo. A taɓa fuskar mutum a kan gilashi domin salular ta san inda za ta mai da hankali. A riƙe ta da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. A guji jawo hoto da yatsu biyu, domin wannan zum ɗin yanko tsakiyar hoto kawai yake yi ya buɗa shi, sai ya fashe. Ƙafa ita ce zum ɗin talaka: a matsa kusa.

In za a sayi kyamara

In yaro ya nuna da gaske yake, ba sai an sayi sabuwa dal ba. Kyamarori irin su Canon 600D da ta fito a 2011, ko Nikon D3200 ta 2012, ko Canon 2000D da Nikon D3500 na 2018, ana samunsu na hannu, kuma har gobe suna aikin biki ba tare da kunya ba. Amma araha ba ta ado, sai an duba kamar yadda ake duba akuya kafin a biya.

A sa mai gyara ya duba sau nawa aka danna ta, domin ƙananan kyamarori irin waɗannan an ƙera su ne su jure dannawa wajen 100.000. A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama a kan lamba f/16, a buɗa shi a duba. In an ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ƙura ta shiga ciki, sai an wanke. A cire idon kyamarar, wanda masu sana'a ke kira objektif, a haska shi da tocila. In an ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, hunhuna ce, irin wadda ke kama kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku masu laima, kuma gara a bar shi. A gwada batiri da abin cajinsa a gaban mai sayarwa, a kuma karɓi takardar ciniki, saboda kayan sata na yawo.

Sai babban sirrin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Idon da ke zuwa tare da kyamara, mai lamba 18-55, yana aiki da rana, amma da dare makaho ne. Wanda zai yi aikin dandamali ya nemi ido mai lamba 50mm f/1.8. Ba ya zum, ba shi da nauyi, yana cikin mafi araha, amma hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na wancan sau goma idan an jawo wancan har ƙarshe. Mai Nikon daga cikin waɗanda muka ambata ya lura ya sayi wanda aka rubuta AF-S a jikinsa, domin tsohon samfurin ba ya daidaita kansa a kan waɗannan ƙananan kyamarori. Mai kuɗi kaɗan gara ya sayi tsohuwar kyamara da wannan ido, da ya sayi sabuwa ba shi.

Sauran kayan su ne batiri biyu aƙalla, da katin memwar biyu masu jiga 32 maimakon babba guda ɗaya, domin in ɗaya ya lalace ba a yi asarar komai da komai ba. Kowane ɗaya zai ɗauki hotuna dubbai. Katunan jabu sun cika kasuwa, masu nuna girman da ba su da shi, don haka a cika kati da hotuna a gida, a buɗe su a gani, kafin a yarda da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Awon haske kamar awon hatsi ne

Lambobin da ke jikin kyamara suna tsorata sabon shiga, alhali duk mai awo a kasuwa ta riga ta san lissafin. Ɗaukar hoto kamar cika tiya ne daga buhu. In ba ta cika ba hoto ya yi duhu, in ta zube ya yi fari fat. Abu uku ne ke sa ta cika daidai.

Na farko faɗin bakin buhu, wato yadda idon kyamara ya buɗe. Shi ne lambar da ke bin harafin f, kuma a juye take: f/1.8 baki ne wangame, f/16 ɗan tsukuku ne. Na biyu tsawon lokacin da aka bar bakin a buɗe, wanda ake rubutawa 1/60 ko 1/250 ko 1/500 na daƙiƙa. In lokacin ya yi tsawo, duk abin da ya motsa zai fito kamar inuwa. Na uku shi ne ISO, wanda yake kamar rage girman tiyar domin ta cika da wuri. Ana ɗaga shi in haske ya yi ƙaranci, amma in ya yi yawa sai hoto ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa rairayi.

Ga mawaƙin da ke tsaye yana rera waƙa, 1/250 ya isa. Ga mai rawa ko raƙumi a guje, sai 1/500 ko fiye. Da rana ISO 100 ko 200. Da dare a gaban dandamali a buɗe ido zuwa f/1.8 ko f/2, a kai ISO 1600 ko 3200, kada a ji tsoro. Hoto mai ɗan tsaki ana sayensa, amma wanda fuska ta narke a cikinsa saboda motsi ba mai karɓa ko kyauta. Wanda lissafin ya yi wa yawa da farko ya juya maɓallin sama zuwa S a Nikon ko Tv a Canon, ya zaɓi saurin da kansa, ya bar wa kyamara sauran.

Rana, la'asar da dare

Mu ɗauki bikin Ingal a matsayin misali, domin a yini ɗaya mai hoto zai gamu da kowane irin haske a can, kuma abin da ya koya zai yi masa aiki a filin kokawa na Maraɗi ko a dandalin Oumarou Ganda na Yamai.

Da tsakar rana haske ya fi kowane lokaci yawa, kuma ya fi kowane lokaci muni. Rana na bisa kai, rawani da hula suna jefa inuwa a kan ido, farar riga da farin rairayi kuma suna ruɗin kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, fuskar baƙin mutum ta dushe. Maganinsa shi ne a ƙara haske da maɓallin da ke da alamar +/- zuwa +1, a salula kuma a taɓa fuskar a ja alamar rana sama kaɗan. In mutum ɗaya za a ɗauka, a jawo shi bakin inuwar rumfa ko ta tanti, fuskarsa na kallon waje. Wannan hasken ya fi na kowane situdiyo.

Daga bayan la'asar zuwa faɗuwar rana, da kuma sanyin safiya, su ne kasuwar mai hoto. Rana ta kwanta, haskenta ya yi laushi, shuɗin rawani da jan fatar sirdi duk sun fito da kalarsu. A irin wannan lokaci, in matan Abzinawa sun zauna sun kewaye tende, gangar nan da ake ɗaurawa a kan turmi, suna tafi mahaya raƙuma na zagaya su, mai hoto ya durƙusa ƙasa, sai raƙuman su fito da tsawonsu. In samarin Woɗaaɓe sun jera sahu da kwalliyarsu suna rawa, kada a tsaya tsakiya ana ƙoƙarin haɗa kowa da kowa. A koma gefen sahun, a zaɓi fuska ɗaya a daidaita a kan idonta, sauran su bi baya. A bar rana a bayan kafaɗa ko a gefe. Wanda ya ƙware kuma zai iya fuskantarta, ƙurar da ƙafafu ke tayarwa ta zama kamar zinariya.

Da dare ne ake raba mai sana'a da ɗan kallo. Kuskuren da kowa ke yi shi ne kunna filashi daga cikin taro. Ƙaramin filashin da ke bisa kyamara bai wuce mita uku zuwa huɗu ba, na salula ma bai kai haka ba, kuma duk lokacin da nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da zai haska shi ne ƙeyar mutanen da ke gabanka da ƙurar da ke yawo a iska, mawaƙin kuma ya zauna cikin duhu. A kashe shi, a yi aiki da fitilun dandamali.

Fitilun nan suna canza kala. Ja da shuɗi suna cinye fuska, don haka a ɗaga kyamara a shirya, a jira farin haske ko ruwan ɗorawa ya sauka a kan mawaƙi, sannan a danna sau uku ko huɗu a jere. Kada a tsaya daidai gabansa, domin mikro zai rufe masa baki. A koma gefe kaɗan. Kowace waƙa tana da amshi da ke dawowa, kuma mawaƙi yakan maimaita motsinsa a wurin, ko ɗaga hannu ko juyawa wajen ƴan amshi. Wanda ya saurari baiti biyu kafin ya fara ɗauka zai san inda abin zai faɗo. Kada kuma a manta da hannun mai kalangu, da yatsun mai gurmi, da Hajiyar da ta taso tana liƙa kuɗi.

Mai salula ya sani cewa tsarin dare da ke cikinta yana ɗaukar daƙiƙa biyu ko uku yana tara haske. Yana da kyau ga rumfa ko ga wanda ya tsaya cik, amma mai rawa zai fito kamar aljani. Wanda aikinsa ya sa shi tsayawa kusa da lasifika kuma ya toshe kunnensa, domin jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Ƙura, zafi, wuta da ɓarayi

Abokan gabar kyamara a ƙasarmu huɗu ne. Ƙura ita ce babba, musamman a bukukuwan lokacin hunturu. Kada a cire idon kyamara a fili. In ya zama dole, a shiga mota ko ɗaki, a kifa bakinta ƙasa. In iska ta taso a sa ta cikin leda a fitar da idon kawai. Kada a goge gilashi da bakin riga ko gefen zane alhali akwai rairayi a kansa, sai an fara hure shi da ɗan famfon roba, in ba haka ba ya karce har abada.

Zafi shi ne na biyu. Masu ƙera salula da kyamara sun yi su ne domin zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, mu kuwa mun san abin da watan Afrilu da Mayu ke yi. Kada a bar su a rana ko cikin rufaffiyar mota. Farin ƙyalle a kan kyamara yana taimakawa. Batirin da ya kumbura kuma a rabu da shi, yana iya kama wuta.

Na uku wutar caji. A wajen biki layin masu caji ya fi na masu tuwo tsawo, injin wuta kuma na iya tsayawa. Batirin ajiya mai lamba 10.000 zai cika salula sau ɗaya zuwa biyu, ba sau huɗu ba kamar yadda wasu ke faɗa. Mai zuwa daji ya haɗa da ɗan faifan sola. A kashe intanet lokacin aiki, a kuma daina duba kowane hoto bayan an ɗauka, domin gilashin baya shi ne ke shan batiri.

Na huɗu masu dogon hannu. Igiyar kyamara ta zauna a wuya ko a naɗe a hannu, jaka a gaba. Katin da ya cika a cire shi a sa a aljihu dabam. In an sace kyamara an yi asarar jari, in an sace ta da katin an haɗa da amanar mutanen da suka riga suka biya.

Izini kafin dannawa

Wannan ya fi duk lambobin da muka lissafa muhimmanci. Fuskar mutum ba hajar kowa ba ce. Matar aure da ta fito kallo, aka ɗauke ta ba ta sani ba, hoton ya yi yawo a WhatsApp har ya isa gidan mijinta, kowa ya san abin da kan biyo baya. A yi sallama, a tambaya, in an ce a'a a wuce. In an ɗauka a nuna wa mai shi, in bai so ba a goge a gabansa. Yara sai da yardar iyayensu. Makiyayan da suka yi kwalliya ba gumaka ba ne. In sun nemi a ba su wani abu ko a aiko musu da hoton, haƙƙinsu ne.

A nan ƴan mata ke da rinjaye a sana'ar, domin mace za ta shiga cikin mata ta ɗauki abin da namiji ba zai ko kusanta ba. Uwar da ke tunanin wa za ta ba jari kada ta tsallake ɗiyarta.

Kada a juya kyamara wajen sojoji, ko jandarmomi, ko shingen bincike, ko motocinsu. Kyamara mai tashi sama kuma kada a tashe ta sai da izinin hukuma. Wanda zai yi aiki a gaban dandamali ya je wurin masu shirya biki tun da wuri ya nemi baji. A tuna akwai dokar 2019 kan laifukan intanet, wadda aka ƙara tsanantawa a 2024, kuma tana hukunta ɓata suna da cin mutunci ta hanyar salula. Ɗaukar waƙar mawaƙi sukutum a riƙa turawa mutane ana karɓar kuɗi kuma cin guminsa ne, kuma akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, da aka kafa domin irin wannan.

Ina ribar take?

Sabon shiga yakan ɗauka kuɗin na wurin babban mawaƙi. Ba can suke ba. Mawaƙi na da masu ɗaukarsa. Mai sayen hoto shi ne saurayin da ya ɗinka sabuwar shadda, da ƙawaye biyar da suka yi anko, da mahayin da ya yi wa raƙuminsa ado, da ƴar kasuwar da ke son a ga rumfarta cike da jama'a. Su ne kasuwa, kuma a ranar suke saye, gobe zumuɗi ya wuce.

Shi ya sa wasu ke tafiya da ƙaramin injin wanke hoto irin Canon Selphy, wanda ke fitar da hoto mai 10 da 15 cikin kamar minti ɗaya, takardarsa da tawadarsa kuma a haɗe ake sayar da su, kwali mai 108. Lissafin irin na kowace haja ne. A raba kuɗin kwalin gida 108 a san abin da hoto ɗaya ya ci, a ɗora kuɗin mota da abinci da caji da na waɗanda za su lalace, sannan a yanka farashi. A karɓi kuɗi, ko rabinsu, kafin a wanke. Wanda ya fi son a tura masa ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda ko a zaɓi HD, domin turawa ta yau da kullum tana matse hoto ta rage masa kyau. Kowane dare a kwafe aikin yini zuwa wani wuri na biyu.

Ke ma Hajiya mai rumfa, salularki ta ishe ki tallar kayanki. Ki ɗauka da safe kafin rana ta yi zafi, ki shimfiɗa atamfa ko takalma a bakin inuwa, ki kawar da bokiti da ledoji daga baya, ki matsa kusa har zanen ya cika hoton. Kada ki ƙara masa kalar da ba tasa ba, domin mai saye in ya zo ya ga dabam, ba zai dawo ba.

Ga uwar da aka zo wa da maganar jari kuwa, ga abin da za ta tambaya kafin ta kwance bakin zane. Ina hotunan da ka ɗauka da salula? Wane ido za ka saya domin dare? Batiri nawa gare ka? Nawa hoto ɗaya zai ci, nawa za ka sayar? Wa ka tambaya izini? In ya amsa waɗannan biyar ba tare da inda-inda ba, ki ba shi, ki sa masa albarka. In ya tsaya yana faɗa miki sunan kyamara da yawan megafiksel, ki ce ya ƙara zuwa bikin unguwa tukuna, wani bikin na nan tafe baɗi.

Allah shi ba kowa sa'ar abin da ya fita nema, shi kuma maido da matafiya gida lafiya.